Akushi na Uku

Talata, kwana uku bayan idin Mika'ilu, da hantsi

Yau aka kawo mini shahon, yau kuma na gane.

Ina bakin ƙofa ina kaɗa nono sai ga Maelan, mai tsaron ƙofar gidan sarki, da tsuntsun a hannunsa, an rufe masa kai da 'yar hularsa ta fata. Bai gaishe ni ba, shi da ba ya wuce gidan nan sai ya roƙi man shanu. Ya ce, "Bebinn, an ce a kawo miki wannan. An ce ke kika san cimarsa."

Na ce, "Mai shi fa?"

Ya ce, "Ardgal yana da rai. Na rantse da ƙararrawar coci yana da rai. Yana tsare a tsibirin tsakiyar tafki."

Na ce, "To mai rai yana kyauta da shahonsa ne?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba zai ƙara buƙatarsa ba."

Kwana uku ke nan ana magana ƙasa-ƙasa tun da samarina biyu suka tafi tudun naɗin sarauta ba su dawo ba, ni kuwa ina ta cewa ƙarya ce. Amma kowa a ƙasar nan ya san ba a miƙa farar sandar sarauta ga wanda jikinsa ke da aibu. Kowa kuma ya san abin da baffa ke yi in yana son sarauta amma ba ya son alhakin ran ɗan wansa. Na dubi hular da ta rufe wa tsuntsun ido, sai na gane abin da aka yi wa idon Ardgal.

Safar fatar da ke hannun Maelan ni na ɗinka ta. Ba ta Ardgal ba ce. Ya cire ya ajiye mini a kan dutse, ni kuwa ban tambaya ba. Na sa ta a ƙasan akwati. Ba zan rubuta komai a kanta ba.

Laraba, da yamma

Tsuntsun ya ƙi ci.

Alhamis, da safe

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauko guntayen fatar rubutu da yayana Fada Senan ya bari. Shi ya koya mini baƙi muna yara, yana ƙwanƙwasa mini yatsu da alƙalami. Rubutuna karkatacce ne, amma ai ba mai karantawa.

Ardgal ɗan sarki Murchad ne, amma a ɗakin nan ya yi haƙori. Yana da wata biyu aka kawo mini shi riƙo, yadda manya ke yi da 'ya'yansu, lokacin Colla, ɗan cikina, yana da wata huɗu. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Shekara goma sha bakwai suna bargo ɗaya, suna faɗa a kan ƙanzon tukunya. Da lokaci ya yi aka mayar da Ardgal gidan ubansa, Colla ya bi shi ba tare da wani ya ce ya bi ba. Shi ke riƙe masa shaho.

Murchad ya rasu farkon kaka. Ranar Asabar aka ce dangi za su taru a tudu su ba Ardgal sanda. Da sassafe suka biyo ta nan su biyu, suka sha nono a tsaye. Colla ya ce in ajiye masa ƙanzo. Hanyar tudu sai an ƙetare mashigin rafi.

Yanzu sandar tana hannun Lochlann, ƙanen Murchad. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Juma'a, da rana

Gobnat ta zo, yayar marigayi maigidana. Kaina ya yi furfura amma har yau yarinyar nan take ce mini. Ta ga tsuntsun a kan turke ta ja da baya.

Ta ce, "Wannan kuma wane baƙo ne ya shigo ɗaki da hula?"

Na ce, "Na Ardgal ne."

"Na sani. Duk gari an sani. An ce da ƙarfe mai zafi aka..."

Na ce, "Yaya, kada ki ƙarasa."

Ta bar maganar, abin da ban taɓa gani ba tun da na shigo danginsu. Can ta ce, "To namu fa? Yarinyar nan, Colla namu fa? Mutum shida suka tsaya kare Ardgal a mashigi, ba a kawo ko ɗaya gida ba, ba a kuma faɗi inda aka kai su ba. Sauran uwayen suna can suna kuka babu gawa a gabansu. Ke kina nan kina ba tsuntsu ɓera."

Na ce ba ɓera ba ne, hantar kaza ce.

Ta dube ni kamar za ta mare ni, sai ta tashi ta share mini ɗaki.

Ya ci hantar.

Lahadi, bayan coci

Fada ya yi wa sabon sarki addu'a, muka amsa. Uwargida Orla, wadda ta haifi Ardgal, tana gaba a tsaye, fuskarta kamar dutsen rafi. Shekara goma sha tara muna da ɗa ɗaya ni da ita, ba mu taɓa magana da ta wuce gaisuwa ba.

Na dawo ta bakin tafki ko da yake ba hanyata ba ce. Akwai hayaƙi a gidan tsibiri. Na tsaya har ruwan sama ya ratsa mayafina.

Litinin, da hantsi

Na dama kunun hatsi da zuma, na nannaɗe tukunyar da ciyawa don kada ya huce, na kai bakin tafki. Mai kwalekwale ya ce an hana. Ya ce ko uwar da ta haife shi an hana, balle ni.

Matarsa ce ta biyo ni bayan rumbu. Ita ke kai abinci tsibirin. Ta ce, "Abin da na kai jiya shi nake dawowa da shi yau. Sai ruwa, sai ɗan madara in an matsa masa. Jikinsa kamar murhu. Ƙyallen da aka ɗaura masa a fuska tun ranar ba a canza ba, ba ya yarda kowa ya taɓa. In haka ya ci gaba ba zai ga idin Waliyyai ba." Da ta ce ba zai ga ba sai ta toshe bakinta da hannu.

Ta ce, "Yana ta kiran Inna. Uwargida yake nufi, ko?"

Na ce a'a.

Na ba 'ya'yanta kunun.

Laraba, da safe

Ƙanzon ya yi fumfuna. Ban zubar ba.

Alhamis, da yamma

Na je wurin alƙali Flann, wanda gidansu ke riƙe da shari'ar ƙasar nan tun kaka da kakanni. Na same shi yana jera tuffa a kan ciyawa. Kunnensa na hagu ya mutu, sai da na zagaya dama.

Na ce, "Allah ya gafarta alƙali, mace irina tana iya azumi a ƙofar sarki?"

Ya daɗe yana juya tuffa ɗaya a hannu. Ya ce, "Uwar riƙo tana da hakki a kan ɗan da ta shayar. Uwa tana da hakki a kan ɗan da ta haifa. Ke duka biyun ne, Allah ya ba ki haƙuri. Za ki zauna a bakin ƙofarsa, ba ci, sai ruwa. Muddin kina zaune, in ya kai loma bakinsa a cikin gidan, mutuncinsa ya zube. In kika mutu a wurin, alhakinki na kansa da kan zuriyarsa. Amma abu ɗaya za ki ambata a gaban shaidu. Ɗaya tak. In kika ce biyu, ba azumi ba ne, ciniki ne, yana da damar sa karnuka su kore ki."

Tun daga gida nake nanata abin da zan ce: a nuna mini inda aka sa mutanen mashigi. Shi na zo da shi a bakina. Da ya ce, "To mene ne abin naki?" sai na ji bakina yana cewa, "A ba ni Ardgal in kai shi gida."

Ya ce, "Matso dama, ban ji ba."

Na san ya ji. Dama ce ya ba ni. Na matsa na sake faɗa.

Ya ce, "Ba a canzawa, Bebinn."

Na ce, "Wancan zai iya jira. Wannan ba zai iya ba."

Ban san akwai wannan maganar a cikina ba. Allah ya yafe mini ita.

Juma'a, da hantsi

Gobnat ta ji. Ba ta shigo ba, daga waje ta tsaya don maƙwabta su ji.

"Ɗan sarki yana da uwa mai jan mayafi! Yana da kawunne a arewa masu mashi ɗari biyu! Namu kuwa ke kaɗai gare shi, ke ɗin ma kin ba da shi. Yana can cikin taɓo ko cikin ruwa, ba addu'a, ba kuka, ke za ki je ki mutu da yunwa saboda ɗan wasu. Ƙanena da yana nan da ya tsine wa nonon nan naki."

Duk abin da ta faɗa na riga ta faɗa wa kaina.

Ta tofar da yawu ta tafi. Ta kai wajen rijiya, sai na ga ta juyo. Ta leƙo ta ce, "Wannan mummunan tsuntsun, sau nawa yake ci a rana?"

Asabar, faɗuwar rana

Na faɗi abina a gaban Flann da shaidu biyu, na shimfiɗa fatar tunkiya a dama da ƙofar sarki, na zauna. Fatar rubutu da ƙahon tawada suna cikin rigata.

Lahadi, da rana

Masu zuwa coci sun zagaye ni kamar kududdufi.

Litinin, da yamma

Ɗaya daga cikin sojojin haya, masu gatarin nan da Lochlann ya kawo daga ƙetaren teku, ya jefo mini ƙashi. Ya ce, "Tsohuwa, ga naki." Su ba su san al'adar ba. Maelan ya ɗauke ƙashin ya ce masa, "Kai, a garinku ba ku da uwaye ne, ko daga ƙwai kuka fito?"

Ba a kai wa sarki abinci ba tun Asabar, haka matan madafa suka ce. Amma kullum da safe yana fita ta ƙofar ruwa, wai farauta. Da ya dawo yau na ji ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta, "Sarkinmu ya zama mai ibada. Kullum yana daji yana addu'a, ya dawo da maiƙo a gemu." Suka ƙyalƙyale, suka gan ni, suka yi shiru.

Bai dube ni ba da ya wuce.

Talata, da hantsi

Sanyin ya fi yunwar. In na rufe ido sai in ga mashigi, don haka ba na rufewa.

Uwargida Orla ta fito, ita kaɗai, ba kuyanga. Ta tsaya a kaina har na ɗauka cewa za ta yi in tashi in daina kunyata gidan. Sai ta ce, "Bebinn, me yake son ci?"

Na ce, "Ranki ya daɗe?"

"Ardgal. Na aika masa da nama da farar gurasa da ruwan inabi, duk an dawo da su. Me yake so?"

Na ce, "Kunun hatsi da zuma. A bar shi ya kama a gindin tukunya. Ƙanzon yake so."

Ta maimaita, "Ƙanzo." Ta ce, "Shekara biyu yana cin abinci a gabana, ban sani ba." Ta juya ta shiga.

Laraba, da safe

Ta dawo da fatar tunkiya tata. Ta shimfiɗa a hagu da ƙofar ta zauna, jan mayafinta yana jan laka. Ta aika aka kira Flann, ta faɗi abinta a gabansa: a ba Bebinn Ardgal ta kai shi gida.

Ba ta ce a ba ta ba. Ta ce a ba ni.

Haka muka yini a zaune. Ƙofa tana tsakaninmu.

Alhamis, da la'asar

Dole sai na rubuta wannan.

Yau baƙi suka iso, manyan dangi daga yamma da suka zo yi wa Lochlann mubaya'a. An yanka shanu biyu, ƙanshin ya ishe mu. Tsohon da ke gabansu ya sauka daga doki, ya dube ni, ya dubi 'yar sarkin arewa zaune a laka, ya ce wa mutanensa kada a sauke kaya. Ya ce shi ba ya cin abinci ta kan matan da ke azumi.

Ba a jima ba Lochlann ya fito, da guntun gurasa a hannu. Na san shi tun yana saurayi, yana zuwa gidanmu duba ɗan wansa, yana ɗora shi a wuya. Ya rame. Ya ce, "Tashi, Bebinn. Je ki ɗauki abinki. Ban kashe shi ba, ku riƙa tuna mini wannan."

Na karɓi gurasar, don da ita ake karya azumin. Kafin in kai baki na ce, "Ranka ya daɗe, ɗayan fa? Wurin kawai za a nuna mini. Ni zan haƙa da hannuna."

Ya juya wajen Flann ya ce, "Alƙali, abu nawa ta ambata?"

Flann ya ce, "Ɗaya." Bai ɗago kai ba.

Lochlann ya ce, "An ba ta."

Aka kawo ƙararrawar coci na ɗora hannu na rantse ba ni da sauran hakki a ƙofarsa. Haka ake yi. Na ci gurasar. Ban san ɗanɗanonta ba.

Asabar, da rana

Jiya azumin bai bar mini ƙarfin tashi ba, sai yau na haye tsibirin.

Ɗakin yana wari. Yana kwance fuskarsa a bango, ya zama kamar tarin itace a ƙarƙashin bargo. Na tsaya a bakin ƙofa. Sai ya ce, "Inna. Warin nononki ya riga ki shigowa."

Ya juyo, amma ba wajen da nake ba. Ya miƙa hannu wajen taga. Na matsa na tsaya inda hannun yake, don kada ya gane.

Na jiƙa ƙyallen da ruwan ɗumi har ya saki. Na wanke. Na ɗaura sabo. Abin da na gani yana tsakanina da Allah.

A cikin kwalekwale ya ɗora kai a cinyata. Muna tsakiyar tafki ya ce a hankali, don kada mai tuƙi ya ji, "Inna, Colla ya tsira. Da suka kama ni na daka masa tsawa ya gudu, na kuma ji ƙarar ruwa a bayana. Arewa ya nufa, wajen kawunnena. Na san shi. Kafin hunturu zai dawo. Shi nake jira, in ba don haka ba da na bar musu ran tuntuni."

Na ce, "Rufe bakinka, iska na shiga."

Lahadi, da yamma

Ya sha cokali shida. Ya nemi ƙanzo. Ya ci rabi ya ce a ajiye wa Colla rabi.

Talata, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Ya ji ƙarar 'yar ƙararrawar ƙafar tsuntsun ya tashi zaune. Ya ce, "Wa ya kawo shi nan?" Na ce Maelan. Ya ce, "Yana da hula a kansa?" Na ce e. Ya yi dariya, irin wadda ba na so, ya ce, "To mun zama biyu. Shi dai ana cire masa."

Daga baya ya ce, "Faɗi kalmar, Inna. Kowa yana zagaye ta kamar kashin shanu. Makaho ne ni."

Na rubuta ta yanzu. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Juma'a, da safe

Uwargida Orla ta biyo za ta koma arewa gidan ubanta. Dawakai suna jiranta a hanya. Ta sunkuya ta shigo ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Ya gaishe ta da ladabi, ranki ya daɗe, kamar baƙuwa. Ta zauna kusa da shi ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

Ya ce, "In kin isa, ki ce wa Colla ya yi sauri. Ki ce masa Inna ta tsufa da jira."

Ta ɗago ta dube ni. Na girgiza kai.

Ta ce, "Zan faɗa masa."

A waje ta kama hannuna ta ce, "Na tambayi duk wanda zan iya tambaya. Sojojin haya ne suka kwashe su, su kuwa an sallame su, sun hau teku." Ta cire allurar mayafinta za ta ba ni. Na ce ta bar ta, hanya da sanyi.

Yanzu ba wanda ya rage a ƙasar nan da ya zauna a ƙofar nan tare da ni.

Lahadi, bayan coci

Uwayen sauran biyar ba sa amsa gaisuwata. Sun ce da na ambaci mashigi da duk mun sami namu. Gaskiya suka faɗa.

Litinin, da rana

Gobnat ta kawo ƙwai. Ta tsaya tana kallonsa yana lallaɓa bango yana ƙirga taku zuwa ƙofa. Ya ce, "Gwaggo Gobnat, na ji tafiyarki. Har yanzu kina taka ƙasa kamar ta yi miki laifi."

Ta ce, "Ja'iri. An cire maka ido an bar bakin, an yi aikin banza."

Ya yi dariya ta gaske, ta farko. Sai ya ce, "Gwaggo, ba labarin Colla a gari?"

Na ga bakinta ya buɗe. Na riƙe muciya har yatsuna suka yi fari. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Wannan ɗan banzan? Yaushe ya taɓa aiko wa mutum da labari?" Ta fita da sauri ta manta kwandonta. Na same ta a bayan garke ta cusa mayafi a baki.

Ta ce, "Har yaushe, yarinyar nan?"

Na ce sai ya yi ƙarfi.

Ta ce, "Shi ko ke?"

Talata, da hantsi

Ya ce yana so ya riƙe tsuntsun. Na ce farcensa zai yage shi. Ya ce ai akwai safa, ba a kawo shaho babu safa. Na ce ban san inda na sa ta ba. Ya ce, "Inna, ke da kika san inda kowace allura take a ɗakin nan?"

Na buɗe akwati.

Ya sa hannu a ciki. Ta yi masa yawa, Colla ya fi shi faɗin hannu. Ya shafa ɗinkin da yatsu, ya bi shi har wuyan hannu, inda fatar ta tsage ta bushe ta yi tauri. Na wanke wurin sau uku, jinin bai fita ba. Yatsunsa suka tsaya a nan.

Na jira. Na ce a raina in ya tambaya zan faɗa.

Bai tambaya ba. Ya ce, "Ɗora mini shi." Na ɗora. Ya zauna da tsuntsun a hannu har rana ta yi tsaka, yana shafa masa ƙirji. Da na zo karɓar safar ya ce a bar masa.

Da ita ya kwanta.

Laraba, jajibirin idin Waliyyai, faɗuwar rana

Yau ne matattu ke zuwa gida. Kowane gida an share murhu, an ƙara wuta, an bar ƙofa ba sakata, an ajiye musu abinci. Tun rasuwar maigidana nake yi, amma shekarun nan biyu a gidan Gobnat muke ajiye nasa, can aka haife shi.

Na dama kunu na bar shi ya kama sosai. Na ɗauko akushina na ajiye. Na ɗauko na Ardgal na ajiye. Na ɗauko na uku a hankali, kamar mai sata, amma katako ne a kan katako.

Ya ce, "Uku na ji."

Na ce, "Uku ne."

"Na Baba yana gidan Gwaggo."

"Yana can."

Wutar tana ta ƙara. Ya ce, "Colla zai zo ke nan."

Na ce, "Yau zai zo."

Ban yi ƙarya ba.

Ya ɗauki nasa akushin ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, "Ki sa masa ƙanzon duka, har nawa. Ki kuma matsar da shi kusa da wuta, Inna. Kin san shi in ya fito daga ruwa, sanyi yake ji."

Na matsar.

Alhamis, idin Waliyyai, da safe

Ya shanye kununsa jiya, yau ma ya nemi ƙari. Ya ce in rana ta fito in kai shi bayan gida mu cire wa tsuntsun hula ya ɗan ga sarari. Zai rayu. Na tabbata yanzu.

Akushi na uku yana bakin murhu yadda na bar shi.

Ban faɗa masa da bakina ba. Ban san inda Colla yake kwance ba. Ban yi masa kuka ba tukuna.